Ruwan da Aka Ɗumama wa Baba Sabo

Huseina tana tsakar gida tana tace gasarar koko, ana ɗan yayyafi, sai ta ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida bai kashe inji ba. Kafin ta wanke hannu ƙanenta Gambo ya yi sallama ya shigo, sanye da fararen kaya, takalminsa duk taɓo. Ko ba a gaya mata ba ta san abin da ya kawo shi, domin tun da damina ta kama yake zarya daga Tukur-Tukur zuwa Kwarbai a kan magana guda.

"Yaya, ina kwana? Ki shirya mini Baba. Yau ake baftisma a rafi, Fasto yana can yana jiranmu."

"Lafiya lau," in ji Huseina. "Sai ka koma ka ce wa Fasto ya daina jira."

Mahaifinsu, Baba Sabo, manomi ne daga wani ƙauye a bayan Zariya, kuma Kirista ne tun yana saurayi. A cikin wannan addini ya haifi 'ya'yansa. Huseina ce ta musulunta da ta tashi auren Malam Abdulwahab, mai ɗinkin babbar riga a cikin birni. Ba wanda ya tilasta ta, ba kuma wanda ya isa ya hana ta. 'Yar biyu ce, Hassanarta ta koma tun a zanin goyo, kuma mutane na cewa da za ta tafi sai ta bar wa Huseina zuciyar mutum biyu. Da ciwon ɓarin jiki ya kayar da tsohon bara, ita ta je ƙauye ta ɗauko shi ba tare da ta yi shawara da kowa ba, ta share masa ɗakin da ke kusa da nata. Duk unguwa an san akwai tsoho Kirista a gidan, ana shigowa duba shi, ana kawo masa kunu.

Abin da ya hana Gambo barci shi ne, a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa yi wa Baba Sabo baftisma ba. A cocin ƙauyensu, sai mutum ya gama ajin baftisma, sannan ya tsaya gaban dattawa da jama'a ya amsa tambayoyi da bakinsa. Sabo kuwa mai i'ina ne. Ya san amsoshin sarai, a gona yake bitarsu shi kaɗai, amma ranar da aka tsayar da shi sai harshe ya ƙi. Ya maƙale a kan kalma guda yana ta fama, wani ya tuntsire da dariya daga baya, wasu suka taya shi, dattawa suka ce ya dawo baɗi. Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai fasa zuwa coci ba, bai kuma sake taka ajin nan ba har ya tsufa.

Gambo ya girma da sanin haka, abin bai taɓa damunsa ba, sai da ya koma wani sabon coci a Sabon Gari, har aka naɗa shi dattijo. A can ake koyar da cewa in babu ruwa babu ceto, kuma yayyafawa ba ta yi, sai an nutsar da mutum tun daga tafin ƙafa har gashin kai. A yi wa Gambo adalci, ba neman suna yake yi ba. Yana ƙaunar ubansa, kuma tsoro ne ya cika masa ciki. Duk tarin da tsohon ya yi, sai ya ga kamar ƙofa ce ake shirin rufewa.

"Yaya, ki ji tsoron Allah," in ji shi. "Kina ganin yadda jikinsa ke ja baya. In ya tafi haka fa?"

"Ni nake kwana da tarinsa, ba kai ba. Likita ya ce ko iskar damina kada ta bugi ƙirjinsa, kai kuma za ka kai shi rafi a watan Agusta ka dulmiya shi. Wa zai fito maka da shi da rai?"

"Gara ya cika a cikin ruwan da ya cika babu shi."

Huseina ta ajiye rariya a hankali. Ta goge hannu a zani, ta je ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tsohon, ta tokare hannuwanta a bango biyu.

"Maimaita, ban ji ba."

"Ba haka nake nufi ba, Yaya."

"Haka ka faɗa. Kuma a cocin da aka haife mu ba haka aka koya mana ba. Ina ce cewa aka yi bangaskiya ke ceton mutum, ruwa shaida ce a gaban jama'a? Ni da na bari ban manta ba, kai da kake ciki ka manta?"

"Ba su gane ba ne, suka koya mana rabi. Ke kuma da kika bar hanya, ina ruwanki da wannan magana?"

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, domin tun da ta musulunta Gambo bai taɓa jifanta da ita ba sai yau. Amma Huseina ba ta kuka a gaban wanda ya ɓata mata rai.

"Ruwana da ita shi ne ubana ne, kuma gidana yake. In za ka fitar da shi, sai ka fara nutsar da ni."

Hayaniyar ce ta shigo da Malam Abdulwahab daga zaure, allura soke a hularsa, zare a wuyansa. Mutum ne mai sanyin hali, ya yi karatun zaure daidai gwargwado, kuma akwai wasa tsakaninsa da Gambo, kamar yadda aka saba tsakanin miji da ƙanin mata. Ya saurari wannan, ya saurari wancan, yana gyaɗa kai. Da ya fahimci cewa duk rigimar a kan mara lafiya ce da ruwa, sai fuskarsa ta washe, ya ce a jira shi. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani dutse baƙi, faffaɗa, ya yi sumul don shafar hannu. Na mahaifiyarsa ne, marigayiya Hajiya Batul, da shi ta riƙa taimama a kan gado lokacin da ruwa ya gagare ta. Ya miƙa wa Gambo da hannu biyu.

"Ga shi, mai tsarki ne. Ka yi masa da wannan, ka huta, ya huta."

Gambo ya dubi dutsen, ya dubi Malam. "In yi masa me?"

"Taimamar baftisma mana. Ko ƙasa kuke so? Sai a ɗebo mai kyau a faranti."

"Malam, ai wannan naku ne. Mu ba mu da shi."

"Ba ku da taimama?" Malam Abdulwahab ya yi tsaye baki buɗe. Shekara da shekaru yana zaune da surukai Kirista, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai addinin da ke da wanka ba shi da taimama ba. "To mara lafiya fa? Wanda ya ba da gaskiya a tsakiyar daji, rai ya yi halinsa kafin a kai rijiya fa?"

"Sai ruwa."

"Ikon Allah! Ashe naku ya fi namu tsauri, ni da nake ji ana cewa ku kuka huta."

"Malam, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma yau ba wasa nake maka ba, Gambo."

Malam ya sa dutsen a aljihu, jiki a sanyaye. Amma wanda ya saba da karatun tsarki ba ya barin magana a nan, sai ya bi sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya ko dole sai ruwa mai gudu. Gambo ya ce bai ji an ce haka ba. Ko dole sai mai sanyi? Wannan ma ba a ce ba. Ko dole sai Fasto da hannunsa? A nan Gambo ya ciro waya ya koma gefe. Da ya dawo idonsa na ƙyalli. Fasto ya ce tunda shi dattijo ne, ya yi masa, muddin dai ruwa ya rufe shi gaba ɗaya kuma an faɗi kalmomin da ake faɗi.

Su biyun suka juya a tare suka dubi tsohon tankin roba da aka yanke wa kai, wanda Huseina ke tarar ruwan indararo da shi.

"Malam!" in ji Huseina. "A gidan nan? A cikin Kwarbai? In maƙwabta suka ji fa?"

"Wa zai gaya musu? Addininsa ne, ba mu muka ba shi ba. Ni dai kada a fitar mini da suruki cikin wannan sanyi. Ki ɗora ruwa."

Haka aka ƙwace mata hujja a tsakar gidanta. Ta ce sanyi, an ce a ɗumama. Ta ce rafi, an ce tanki. Malam ya fita ya sallami mai keke, ya sa wa ƙofar zaure sakata, shi da Gambo suka jawo tankin zuwa ƙarƙashin rumfa kusa da murhu. Huseina ta sauke tukunyar kokonta ta ɗora babbar tukunya, tana tura itace kamar da shi take faɗa. Ranta bai kwanta ba ko kaɗan, amma ta rasa abin da za ta kama. Ta juye tukunya a tankin ta sake ɗorawa, har tururi ya cika rumfar, Malam ya tsoma gwiwar hannu ya ce ya yi daidai.

Mazan suka ɗaga labule suka shiga, tana biye da su. Baba Sabo na kwance a jingine da filo, idonsa biyu. Labule ne kawai tsakaninsa da tsakar gida, babu abin da ya wuce shi. Gambo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, Allah ya kawo sauƙi, a nan gida za a yi." Ya sa hannu a hammatarsa, Malam ya kama ƙafafu. Suka ɗaga, tsoho bai ɗagu ba. Hannunsa na dama, mai lafiyar, ya damƙe ƙarfen gado.

"A... a... ajiye ni."

Sai a lokacin kunya ta rufe Huseina. Tun hantsi ake ja-in-ja a kan mutumin nan, ita da ke cewa ubanta ne, da Gambo, da Malam, babu wanda ya leƙa ya tambaye shi. Tun da ciwon ya ƙara wa i'inarsa nauyi suka saba magana a kansa, domin jiran kalmarsa na cin lokaci, kowa kuma yana da abin yi.

Suka mai da shi kan filo. Ya huta, ya kafe Gambo da ido.

"Ka ce... in ba ruwa... ba ceto?"

"Haka ne, Baba."

"U... u... uwarka fa?"

Rakiya, mahaifiyarsu, tare suka yi ajin nan da mijinta, ita ta ci. Ranar baftisma tana cikin layi a bakin rafi da farin zani, saura kaɗan a zo kanta, ta waiga ta hango Sabo a kan tudu shi kaɗai, riƙe da takalmanta. Ta fita daga layi, ta hau tudun, ta karɓi takalmanta ta sa. Da dattawa suka biyo ta, ta ce ranar da aka yi wa Sabo a yi mata. A haka ta zauna, tana share coci duk Asabar, har ta rasu Gambo yana sakandare. Gambo ya san wannan sarai. Wata da watanni yana kewaye maganar, yana addu'a kada kowa ya taso da ita.

"Faɗi," in ji tsohon. "Ta... tana ina?"

"Baba, wannan sai Allah."

"To nawa ma... sai Allah."

"Ba ɗaya ba ne, Baba. Inna ta riga ta wuce, kai kana da dama. Ga ruwa can, taku kaɗan ne. Don Allah, Baba."

Abin da Baba Sabo ya faɗa bayan wannan ya ɗauki lokaci mai tsawo. Yana maƙalewa, yana tari, yawu na zuba ta gefen bakin da ya shanye, amma yau babu wanda ya yi gigin ƙarasa masa kalma.

"In na shiga don tsoro, na yarda ke nan tana wuta. Ba zan yarda ba. Saboda ni ta fita layi. Yesun da na bi, a gona yake jina, bai taɓa yi mini dariya ba. In tsayawa yake a ƙofa yana duba wanda ya jiƙe, har ya mai da Rakiya, to ya mai da ni inda ya mai da ita."

Ba Huseina aka yi wa tambayar ba, amma ta soke ta har ƙashi. Watannin baya, da jikinsa ya yi tsanani, ta taɓa zama a bakin gadon nan tana lallashinsa ya karɓi kalmar shahada. Ya juya fuska bango, ta ɗauka taurin kan tsufa ne. Yanzu ta gane abin da ta roƙe shi ya yi. Ita ma da za a tsare ta a ce ta faɗi inda Inna take, ba ta da amsar da bakinta zai iya ɗauka. Ta ji tausayin ubanta, ta ji tausayin Gambo, ta kuma ji wani irin alfahari da tsohon nan da ko juyi ba ya iyawa sai an juya shi.

Gambo ya miƙe, idonsa jajir. "Ciwo ne ke magana, ba shi ba. Malam, kama mini. Zai gode mana daga baya."

Huseina ta ratsa tsakaninsu ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannunta a kan hannun da ke riƙe da ƙarfe.

"Ka ji shi da kunnenka. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan ba, kai kuma ka ce ciwo ne? Taɓa shi ka gani."

Gambo ya dubi Malam. Malam Abdulwahab ya ja da baya, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"A'a, Gambo. Na ɗauka yana so ne. Ban san naku ba, amma a namu ko kogi ka juye wa mutum, in bai yi niyya ba, jiƙa shi kawai ka yi."

Gambo ya zube a kan tabarma, ya kifa kai a gefen katifa, ya fashe da kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. "Tsoro nake ji, Baba," yake ta faɗi. "Tsoro nake ji in rasa ku duka biyu." Tsohon ya saki ƙarfen, ya dafa kansa, ya bar shi ya yi mai isarsa. Can ya dubi Huseina.

"Ruwan... da sauran zafi?"

"Da saura, Baba."

"Wa... wanka nake so. Na gaji da goge-goge da tsumma." Ya ɗan ja kunnen Gambo. "Kai za ka yi mini. Amma bakinka... a rufe. Kaina kuma nawa ne. Huseina, zuba masa ido. In leɓensa ya motsa, fitar da ni."

Suka ɗauko shi da gajeren wando, Malam ya taya aka zaunar da shi a cikin tankin, sannan ya koma zaure don kunyar suruki. Ruwan ya kawo wa tsohon ƙirji. Ya saki wani dogon numfashi, ya kama bakin tankin da hannun dama, ya miƙe wuya. Huseina ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna daidai inda take ganin fuskar ƙanenta.

Gambo ya naɗe hannun farar rigarsa ya ɗauki soso da sabulu. Ya cuɗa bayan ubansa, inda ƙasusuwa suka fito, ya ɗaga hannun da ya shanye ya wanke hammata, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na zuba, amma ya datse leɓe da haƙori. Ya ɗebi ruwa a moɗa ya zuba a kafaɗar dama, ya ɗiba ya zuba a ta hagu. Da ya sake cika moɗar sai hannunsa ya wuce kafaɗa, ya tsaya a saman furfurar tsohon. Abu kaɗan ya rage, ya karkata hannu, ya faɗi kalmomin a zuci, wa zai sani?

Baba Sabo ya ɗaga ido ya dube shi, bai ƙifta ba. Huseina ta riga ta miƙe tsaye.

Gambo ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannu a hankali, ya juye ruwan a bayan wuyan ubansa, ya ajiye moɗar a ƙasa.

"Ya isa," in ji tsohon. "Fi... fitar da ni."

Gambo ya rungume shi ya ciro shi daga ruwan shi kaɗai, ya nufi ɗaki da shi, jikin tsohon na ɗiga tun daga wuya har ƙafa, kansa kuwa a bushe.